Na je Monteriggioni da San Gimignano, na dawo da tambaya

Baban Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Mako biyu ke nan ina Italiya, na zo Prato duba yadi, na sauka wajen ƙanena. Ranar Asabar ya ce in ajiye maganar kaya haka nan, ya sa ni a mota muka yi kudu, hanyar Siyena. Muna cikin tafiya tsakanin gonakin inabi da zaitun sai na hango wani tudu kamar an naɗa masa rawani. Ashe ganuwa ce ta dutse, zagayayya, hasumiyoyi sun jeru a kanta. Sunan garin Monteriggioni.

A ƙasan tudun ake barin mota, a hau da ƙafa. Ƙofofi biyu ne kacal, ɗaya na kallon Fulorans, ɗaya na kallon Rum. Daga wannan ƙofa zuwa waccan ban yi minti biyar ba. A tsakiya dandali ne da rijiya da wata 'yar coci, sai gidajen dutse, bayansu 'yan lambuna har jikin ganuwa. An yi wata baranda ta ƙarfe a jikin bangon, ka biya kuɗi kaɗan ka hau. Mutanen Siyena ne suka gina wurin tsakanin 1214 da 1219 don su tare mayaƙan Fulorans. Tsawon ganuwar duka mita 570 ne, hasumiyoyi 14.

Da rana muka ƙarasa San Gimignano, shi ya fi girma nesa ba kusa ba, kuma shi hasumiyoyinsa a cikin gari suke. Na hau mafi tsawo, Torre Grossa, mita 54, matakala sama da 200.

To ga abin da ya hana ni barci. Ni a Gwale na tashi, a kan badala muka yi wasan ƙuruciya. Yau in na kai 'ya'yana wurin sai dai in nuna musu da baki. Waɗannan mutane shekara 800 ganuwarsu na tsaye. Me suka yi da muka kasa? Tambaya ta biyu kuma, ina so in kawo mai ɗakina da yara uku idan an yi dogon hutu. Wanne gari ya fi dacewa da iyali?

Maman Walid:
Wa alaikumus salam. Sannu da zuwa Alhaji, kuma ka zo har Siyena ba ka nemi mutane ba! Shekara tara muna nan. Kafin a shiga dogon zance bari in amsa ta biyun: idan da yara za ka zo kuma a watan Yuli ko Agusta, kada ka shiga San Gimignano tsakanin ƙarfe 11 da 4. Rana ga ta kamar ta gida, inuwa kaɗan, manyan bas-bas na ta juye baƙi. Ko dai ku yi sammako ko ku bari sai bayan la'asar.

Injiniyan Pisa:
Alhaji, da girmamawa, amsar tambayarka ta farko ba za ta yi daɗin ji ba. Ba hikima ce ta tsare San Gimignano ba, talauci ne. A ƙarni na 13 garin ya yi kuɗi sosai, yana kan hanyar masu ziyara zuwa Rum, yana kuma sayar da za'afaran har ƙasashen waje. Manyan gidaje suka shiga gasar gina hasumiya, kowa na so tasa ta ɗara ta maƙwabcinsa, har aka ce sun kai 72. Gidan Ardinghelli da gidan Salvucci sun daɗe suna gaba da juna a cikin ganuwa ɗaya. Sai annobar 1348 ta zo ta share jama'a, a 1353 garin ya miƙa wuya ga Fulorans. Daga nan kasuwa ta mutu. Babu mai kuɗin da zai rushe tsohon gida ya gina na zamani, shi ya sa garin ya tsaya a yadda yake. Duk da haka 14 ne suka rage cikin hasumiyoyin, sauran sun faɗi ko an rage musu tsawo.

Monteriggioni ma haka. Da Siyena ta faɗi a 1555 aikin gadinsa ya ƙare, ya koma ƙauyen manoma. Wa zai rushe ganuwa a wurin da ba wanda ke neman fili?

Baban Ilham:
Injiniya, na ji bayaninka, amma talauci ai shi ke sa a kwashe dutse a je a yi gini. Mu a wajenmu ba talaka ne ke haƙar badala yana buga bulo ba?

Injiniyan Pisa:
Gaskiya ne Alhaji, amma dubi yawan jama'a. Waɗanda ke kwana a cikin ganuwar Monteriggioni ba su cika gidan biki ɗaya a Kano ba. Kano kuwa miliyoyi ne ke matse da juna. Kwatancen bai yi daidai ba.

Malam Na Ƙofar Mata:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karatu a zauren nan ban cika magana ba, amma wannan ta taɓo ni, domin shekara 31 na yi ina koyar da tarihi a sakandare.

Injiniya ya faɗi rabin gaskiya. Bari in ƙara masa hujja kafin in saɓa masa. Su kansu Italiyawan sun rushe nasu. Fulorans ta zama babban birnin ƙasar a 1865, nan take aka ba wani mai tsara gine-gine, Giuseppe Poggi, aikin faɗaɗa gari. Ya rushe ganuwar da ke arewacin kogin Arno ya shimfiɗa manyan tituna a gurbinta, ya bar 'yan ƙofofi tsaye su kaɗai a tsakiyar shataletale. Bologna ta yi irin wannan a farkon ƙarni na 20. Saboda haka kada wani ya ɗauka Bature bai taɓa sa diga a kayan kakanninsa ba.

Inda na rabu da Injiniya shi ne, ba yawan mutane kaɗai ya ci badalar Kano ba. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu ne ya fara ta a wajajen 1095 zuwa 1134, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15. Duk tsawon wannan lokaci ruwa na dukanta kowace damina, amma tana tsaye, saboda da kaka ta yi ana fitar da jama'a gayya a yi mata yaɓe. Kowane yanki da rabonsa. Da Turawa suka shigo a 1903 ganuwa ta daina tsare kowa, gayyar ta mutu, ginin ƙasa kuwa ranar da aka daina shafa shi ranar ya fara komawa inda ya fito. Ba mu ba ta wani sabon aiki ba, shi ne matsalar.

Ɗan Damagaram:
Allah ya gafarta Malam, ka faɗi abin da ke raina. Ni shekara shida ina aikin gona kusa da Poggibonsi, da kaka mu tsinki inabi, in sanyi ya fara shigowa mu koma zaitun. Kullum hasumiyoyin San Gimignano na gabana in na ɗaga kai. Masu cewa laifin ƙasa ne su je Agadas su ga hasumiyar babban masallaci, mita 27, laka ce da itace, ga ta nan tsaye, har UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihi na duniya a 2013. Ana gyara ta ne shi ya sa. Ganuwar Birni a Damagaram kuwa da ba a kula da ita ba sai guntaye.

Bazazzagiya:
Mu ma a Zariya haka zancen yake. Amma ni ina da wata tambaya ga waɗanda suka je. Na ga hotunan San Gimignano, duk shagunan tsaraba ne da wuraren cin abinci. Akwai mutanen gari kuwa a ciki? Don idan tsare gari na nufin a kori masu shi a bar wa baƙi masu ɗaukar hoto, ni ban ga abin sha'awa ba. Gara tsohon gari mai hayaniya da 'yan talla da almajirai da masu rini.

Maman Walid:
Yar uwa, kin taɓo inda ke yi wa su kansu mutanen nan ciwo. Maƙwabciyata 'yar can ce, ta ce gidan kakarta yanzu ɗakunan haya ne na kwana ɗaya ko biyu. Matasa sun sauko garuruwan da ke kusa, Poggibonsi da Colle, inda haya ke da sauƙi kuma akwai aiki. Babban titin da ya tashi daga ƙofar gari ta Porta San Giovanni zuwa dandalin rijiya, wato Piazza della Cisterna, kusan duk na baƙi ne. Amma ki karkata lungu ɗaya ko biyu za ki ga shanya a taga, ki ga tsofaffi zaune a bakin ƙofa. Da hunturu kuwa garin tsit yake, shaguna da yawa a rufe.

Bazazzagiya:
To kin gani. Ni wannan ba gari ba ne, gidan kallo ne.

Baban Ilham:
Hajiya, ban yarda da ke gaba ɗaya ba. Ko gidan kallo ne, ai jikokinsu na da abin da za su kalla. Kuma kuɗin da baƙin ke kawowa shi ke biyan masu gyara. Na ga wasu magina biyu a jikin wani bango suna cire tsohon shafe da ɗan ƙaramin ƙarfe, a hankali kamar masu cire ƙaya. Na tsaya na fi minti goma ina kallonsu.

Injiniyan Pisa:
Ku duka biyu ku zo Lukka, ita za ta raba gardamar nan. Daga Pisa rabin awa ne a jirgin ƙasa, kusan duk ƙarshen mako ina can.

Ganuwar Lukka ba irin ta Monteriggioni ba ce. Waccan doguwa ce siririya, ta zamanin kibiya da tsani. Ta Lukka an gina ta ne daga ƙarni na 16 zuwa tsakiyar na 17, lokacin da igwa ta zo, kuma igwa dogon bango take so ta kayar. Sai suka yi ta gajera mai kauri: tsawonta sama kamar mita 12, kaurinta a gindi ya kai mita 30, kewayenta ya ɗan haura kilomita 4. Malam, ga abin da zai ba ka sha'awa: cikinta ƙasa ce. Ƙasa aka tara aka daddage, aka yi mata riga da jan bulo ta waje, aka dasa itatuwa a kai don saiwarsu ta riƙe ƙasar. Ƙasa na shanye harsashin igwa, dutse kuwa tarwatsewa yake.

Ba a taɓa kawo mata yaƙi ba. Abin da ta tare shi ne ruwa: a 1812 kogin Serchio ya yi ambaliya, aka rufe ƙofofi aka toshe su, garin ya tsira. Daga baya, a zamanin da Maria Luisa ta gidan Borbone ke mulkin Lukka, aka mai da saman ganuwar hanyar shan iska. Yau in ka hau da yamma za ka tarar da tsofaffi na tattaki, mata na tura keken jarirai, ɗalibai na karatu a kan ciyawa, masu gudu, masu keke. Ba baƙi ne suka fi yawa a kai ba, 'yan gari ne. Ka taɓa ganuwar nan ka taɓa filin wasan 'ya'yansu.

Malam Na Ƙofar Mata:
Madalla da wannan bayani, ɗana. Wato sun ba ta sabon aiki kafin ta mutu. Da a ce lokacin da garinmu ya fara fita waje an bar fili gaba da bayan badala, an dasa darbejiya, an hana gini a gwalalo, da yau nan ne wurin shan iskar mutanen birni. Har yanzu akwai 'yan wuraren da za a iya ceta. An sa ganuwar Kano a jerin wuraren da ake nema wa amincewar UNESCO tun 2007, amma takarda ba ta yaɓe.

Injiniyan Pisa:
Haka ne Malam. Sai dai ina nan a kan bakata game da San Gimignano, sa'a ce ta fara tsare shi, dokar ta zo daga baya. UNESCO sai 1990 ta sa shi a jerinta. Hatta hasumiyoyin Monteriggioni da Alhaji ya gani, an ƙara musu tsawo a gyaran da aka yi a ƙarni na 20.

Baban Ilham:
Wannan ban sani ba. Amma bai rage mini komai ba, gyara ai shi muke nema.

Takari Daga Wad Madani:
Salam 'yan uwa. Ni ban je Italiya ba, amma maganar hanyar masu ziyara ta sa na ce sai na tofa. Me ake kiran hanyar?

Maman Walid:
Via Francigena. Ta taso tun daga Canterbury a Ingila, ta ratso Faransa, ta tsallako duwatsun Alps, ta bi ta Lukka da San Gimignano da Monteriggioni da Siyena har Rum. Wani babban limamin coci mai suna Sigeric ya bi ta a shekarar 990 ya rubuta duk zangon da ya yada. Har gobe ana bin ta da ƙafa, za ka gan su da jaka a baya da sanda.

Takari Daga Wad Madani:
Allahu akbar. Kakanninmu haka suka bi ta Barno da Wadai da Darfur suna neman Makka, wasu suka yi shekaru a hanya, wasu suka zauna, shi ya sa muke nan Sudan. Gari na kan hanya in hanya ta kauce masa ya shiga uku. Na fahimci labarin garin nan sarai.

Direban Brescia:
Ku yi haƙuri in katse tarihi in yi maganar aljihu, don kada Alhaji ya faɗa ramin da na faɗa. Duk waɗannan tsofaffin garuruwa suna da yankin da aka hana motar baƙo shiga. Za ka ga allo fari da jan da'ira, an rubuta ZTL. Ba ɗan sanda a wurin, ba shinge, kyamara ce kawai. Ni na shiga wani gari da motar haya ina bin taswirar waya, na fita na sake shiga ina neman wurin ajiye mota. Bayan wata biyar takardun tara biyu suka iso, kowace kusan yuro 100, kamfanin hayar ma ya cire nasa a katina. Ka ajiye mota a wajen ganuwa, ka biya kuɗin fakin, ka taka. Idan kuma bas ko jirgi za ku hau da tikitin takarda, ku buga shi a 'yar na'urar kafin tafiya ta fara. Ranar Lahadi bas ɗin ƙauye kaɗan ne ƙwarai, kada ku dogara da shi.

Ɗan Damagaram:
Gaskiya ne. Kuma San Gimignano ba shi da tashar jirgi a cikin gari, a Poggibonsi ake sauka a hau bas.

Ummu Hanan:
Ni abinci ne damuwata. Mun je Rum bara, yarana biskit suka wuni suna ci saboda tsoro. A ƙauye ai abin sai ya fi tsanani?

Maman Walid:
Sai an lura, amma ba a kwana da yunwa. Toskana, wato wannan yankin da muke, ƙasar alade ce, musamman na daji, suna ce masa cinghiale. A San Gimignano har kansa za ki gani an rataye a ƙofar shago. Ki haddace waɗannan: maiale, prosciutto, pancetta, guanciale, lardo, salame, duk alade ne. Wanda ya fi ɓuya shi ne strutto, narkakken kitsen alade, ana sa shi a wasu burodi da kayan fulawa, sai kin tambaya. Ki ce "senza maiale, senza vino", wato ba alade ba giya, suna ganewa kuma ba sa jin haushi.

Abin da muke ci in mun fita: pappa al pomodoro, kamar fate ne na tumatir da burodi da man zaitun. Panzanella, kwaɗon burodi da tumatir da albasa, lokacin zafi ake yin sa. Ribollita, miyar wake da ganye da burodi, ita ki tambaya ko an sa romon nama. Taliya da tumatir ko da naman kaza irin mai tsirowa, wato laimar kwaɗi da ake ci. Burodinsu na nan ba gishiri a ciki, kada ki ɗauka mantuwa aka yi. Ais kirim ɗinsu kuma ki duba suna, akwai wanda ake yi da giyar garin, Vernaccia, ko da wata giyar, vin santo. Sannan idan kun zauna a tebur za ki ga an ƙara wani kuɗi a takarda, coperto, kuɗin zama ne kan kowane mutum, ba cuta ba ce.

Ummu Hanan:
Allah ya saka da alheri Hajiya, na kwafe duka.

Baban Ilham:
Sallah fa? Mu a gefen gonar zaitun muka shimfiɗa darduma muka haɗa azahar da la'asar.

Ɗan Damagaram:
Alhaji, ai kun wuce masallaci ba ku sani ba. Colle di Val d'Elsa na tsakanin garuruwan biyu, akwai masallaci ginanne da ƙubba, an buɗe shi a 2013 bayan an sha doguwar jayayya da masu adawa da ginin. Irinsa kaɗan ne a duk Italiya, yawanci ɗakuna ne ko tsofaffin sito ake mayarwa wurin sallah. Nan nake Juma'a in aiki ya bari. Colle ɗin ma tana da tsohon gari a kan tudu, ga masu aikin gilashi, kuma ba cunkoso.

Bazazzagiya:
Na koma na kalli hotunan Lukka. Wannan kam na yarda gari ne. Amma Injiniya, ita ma ba baƙin ne za su cinye ta ba a hankali?

Injiniyan Pisa:
Ana wannan kukan a can ma, Yaya, haya na tashi a cikin ganuwa. Sai dai har yanzu akwai makarantu da ofisoshi da masu gyaran keke a ciki, yara na fita makaranta da safe. Wanda ya je ya nemi Piazza dell'Anfiteatro, dandali ne mai siffar ƙwai saboda a kan tsohon filin wasan Rumawa aka gina gidajen, suka bi zagayensa. Sai hasumiyar Guinigi da itatuwa suka tsiro a samanta.

Malam Na Ƙofar Mata:
Alhaji, in ka je ina roƙon abu ɗaya. Ka ɗauko mini hoton wurin da ƙasar ta haɗu da bulon, da yadda suka yi wa ruwan sama hanya. Akwai wani tsohon magini a unguwarmu da ya gaji aikin daga mahaifinsa, ina so in nuna masa in ji abin da zai ce.

Baban Ilham:
In sha Allahu Malam, ba sai an jira hutu ba, jirgina sai Laraba, gobe zan je. Iyali kuma na yanke shawara: mu kwana biyu a Lukka yara su hau keke a kan ganuwa, sannan mu yi sammako zuwa San Gimignano, mu yi sallah a Colle, mu rufe da Monteriggioni da yamma. Injiniya, daga Prato yaya zan yi?

Injiniyan Pisa:
Jirgin da ke tasowa daga Fulorans zuwa Lukka ta Prato yake bi, ya wuce Pistoia da Montecatini, wajen awa ɗaya ne daga wurinku. A allon tasha ba za ka ga Fulorans ba, Firenze suke rubutawa, Lukka kuma Lucca. Kana fitowa daga tasha ganuwar na gabanka, ka tsallaka titi ka yi hagu kaɗan zuwa Porta San Pietro. Ina da darasi har ƙarfe 12, in na fito zan same ka a bakin ƙofar, mu nemo wa Malam magudanar ruwan tare.